Takardar Jinin Gidan Mainasara

Alhaji Mainasara dillalin shanu ba ya yin minti goma a zaune bai yabi jinin gidansu ba. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya gaya maka cewa a zuriyarsu mura ba ta kwana biyu. Ya ce shi da yake ɗaga leɓen bijimi ya faɗi uwarsa da ubansa, ai ɗan Adam ba zai ɓuya masa ba. Ranar da aka kai Zubaida ɗakin ɗansa Musaddiq a unguwar Kusugu, sai da ya tsaya a tsakar gida da babbar riga ya shaida wa 'yan kai amarya cewa 'yarsu ta shigo gidan lafiyayyu.

Ita Zubaida ba ta ɓoye wa kowa komai ba. Tun tana sakandare ta san jininta AS ne, kuma tun zuwan Musaddiq zance na biyu ta faɗa masa. Malam Abdulbaƙi, limamin unguwar, ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar gwajin jini. Aka kawo ta ango, an rubuta AA ƙato, liman ya duba, aka shafa fatiha.

Shekara ta zagayo ta haifi mace, ana kiranta Nana. Watanta bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura suntum, ko zane ya taɓa ta sai ta tsandara ihu har muryarta ta dishe. A asibiti Dakta Murjanatu ta auna jininta, ta ce sikila ce, SS. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa. Ya tambayi likita ko mai AA da mai AS suna iya haifar SS. Ta ce ba sa iyawa, shi ya sa ya kamata a sake gwada iyayen. Rabin farko na maganar kawai ya ɗauka. Kafin ta rufe baki ya kaɗa rigarsa ya fita.

Kwana uku magana ta gama unguwa. Mai kitson Zubaida ta aiko cewa hannunta na ciwo. A gidan suna mata suka riƙa jawo 'ya'yansu jikinsu idan ta wuce. Alhaji kuwa har a kasuwar shanu yana faɗa: takardar ɗansa AA ce, likita da bakinta ta ce ba zai yiwu ba, to kowa ya je ya nemi uban yarinya inda yake. Ya yanka wa Musaddiq wa'adi, ranar Juma'a bayan masallaci, a zauren mahaifin Zubaida, Malam Maharazu, gaban liman da dattawa, ya miƙa takardar saki.

Abin da ya fi ci wa Zubaida rai shi ne shirun mijinta. Ya daina cin abinci, ya daina fita kasuwa. Sai ya ɗauki Nana ya ɗora a ƙirji yana gasa mata ƙafafu da tsumma mai ɗumi, hawaye na bin gemunsa. Ran nan da hantsi ta durƙusa gabansa.

"Baban Nana, dube ni. Kai ma ka yarda?"

"Wallahi na san ki, Zuby."

"To ka faɗa wa Baba Alhaji."

Ya sunkuyar da kai, ya ce akwai abin da ba zai iya faɗa ba. Ta tashi ta fita. Uwarta ta aiko ta dawo gida kafin a wulaƙanta ta, Zubaida ta ce a'a, ba ta fita da wannan sunan a kanta, kuma ba ta barin 'yarta ta girma ana nuna ta da baki.

Ranar Talata tana neman katin asibitin Nana a ƙasan akwati, sai ga kwafin takardun da aka kai wa liman. Ta tsura wa ta Musaddiq ido. Ba AA ɗin ta tsaya kallo ba, kwanan watan da ke sama ne ya tsayar da ita. Wannan ranar ba za ta taɓa manta ta ba, ranar da aka kawo lefenta ce. A ranar Musaddiq ya kira ta da lambar Nijar, yana can bayan Kongolam da garken shanu, kwanansa huɗu a can, yana tsokanarta wai ta ajiye masa cincin ɗin 'yan kawo lefe. Mutumin da ke wata ƙasa, da wane hannu aka ɗebi jininsa a Daura?

Ta ajiye masa takardar a cinya, ta ɗora yatsa a kan kwanan watan. Ya ce Baba ya rantsar da shi, kuma shi bai taɓa zaton abin zai zama haka ba.

"Ban ce ka karya rantsuwa ba," in ji ta. "Bakinka aka ɗaure. Hannunka nake so ka miƙa wa likita."

Washegari ya goya su a babur zuwa asibiti. Bayan an ɗebi jinin, Dakta Murjanatu ta zaunar da su ta yi musu bayani: kowane ɗa rabin ƙwayoyin halittarsa daga uwa ne, rabi daga uba, kuma ba mai zaɓen rabin da zai miƙa. Zubaida ta tambaya ko ana warkewa. Likitar ta ce akwai dashen ɓargo idan an dace da wanda nasa ya yi daidai. Ta ce a wasu ƙasashe ma an fara ciro ƙwayoyin ɓargon mai ciwon, a gyara su a mayar masa, amma wannan bai iso gare mu ba tukuna. A yanzu dai sai magani kullum, da ruwa da yawa, da gidan sauro, da gudun sanyi. Zubaida ta dubi 'yan yatsun Nana da ba sa lanƙwasuwa, ta haɗiye kukanta.

Ranar Juma'a zaure ya cika har waje. Zubaida tana daga ƙofar ciki, bayan labule, Nana a bayanta. Alhaji ya yi wa'azin jinin gidansu tun daga kakan kakansa, sannan ya ce wa ɗansa ya ba liman takarda. Musaddiq ya zaro ta daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Malam Abdulbaƙi ya gyara tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce wannan ba saki ba ne, sabon gwaji ne na shekaranjiya, kuma an rubuta AS.

Alhaji ya zabura, ya ce ƙarya ce, an haɗa baki da likita. Ta farkon ita ce gaskiya, domin shi da kansa ya tsaya a kan mai allura har aka cika kwalba.

Daga bayan labule aka ji muryar Zubaida, a hankali.

"Baba, ku gafarce ni. Ranar da ke jikin ta farkon, ranar kawo lefena ce. A ranar yana bayan Kongolam da shanunku."

Wani dattijo ya ce ƙwarai, shi ma da shi aka kai lefen, kuma ya tuna ana cewa ango na Nijar. Liman ya juyo ya tambayi Alhaji jinin wa aka cika kwalbar da shi. Shi kuwa gogan ko gezau, har da ɗan murmushin wanda ya fi kowa wayo.

"To mene ne a ciki? Yaro ba ya gari, liman na neman takarda. Sai na kai yayansa Hafizu aka rubuta sunan Musaddiq. Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya suka sha. Ai jinin ɗaya ne!"

Malam Maharazu, wanda tun fara zaman bai ɗago kai daga carbinsa ba, ya ɗago.

"Alhaji, shekara arba'in kana cikin shanu. Saniya ɗaya da bijimi ɗaya ba su taɓa haifa maka fari bana, baɗi su haifi ja ba?"

Alhaji ya dubi dillalan da suka rako shi, kowa ya kau da kai, don duk sun san garkensa, sun kuma san amsar.

Musaddiq ya miƙe gaban kowa, ya ɗaga labulen, ya kwance Nana daga bayan uwarta ya rungume. Ya ce wannan 'yarsa ce, waccan matarsa ce, kuma shi ne ya fara cutarsu da shirunsa, yana roƙon gafara. Sai a lokacin Zubaida ta saki kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Haƙurinta ya wanke sunanta ya tsare mata aurenta, amma bai cire ciwon daga ƙashin Nana ba. Liman ya faɗa wa jama'a a wurin: gwajin jini ba takardar shiga ɗaurin aure ba ce da za a aro, kowa ya kai nasa hannun, domin wayon da babba ya yi a rana ɗaya jariri ne zai ɗauke shi har tsawon ransa.

Nana ta fara kuka, irin kukan nan nata mai dishewa. Aka buɗa wa Musaddiq hanya ya fita da ita. Alhaji Mainasara yana nan zaune a tsakiyar tabarma, tsohuwar takardar a hannunsa, AA ɗin nan ƙato na kallonsa, kuma har zauren ya watse ba wanda ya miƙa masa hannu.