Ɗigon Jan Farce a Kan Noti

Da hantsi wani mutum ya shigo shagon, rungume da wani ƙarfe cikin tawul kamar mai ɗauke da jariri. Baba, mai gyaran sikeli da agogo, ya fita. Autarsa ce kaɗai a bakin benci.

"Sannu da aiki. Taurarina ne suka yi wutsiya," ya ce, ya miƙa mata waya.

A hoton, kowane tauraro ya ja jela. Cikin zumuɗi ya yi mata bayani: shi malamin makaranta ne mai son ɗaukar hoton sama, ƙarfen nan kuma shi ke juya na'urar hangen taurari a hankali don ta bi tafiyarsu.

Auta ta cire murfin, ta girgiza sandar da ke ciki. Ƙwas, ƙwas.

"Ka ji? Haƙoran giyar sun yi sako-sako. Injin yana juyi a banza kafin su kama."

"To a ɗaure tam!"

"In aka ɗaure tam, sanyi na sauka za ta cije, injin ya ƙone. Janye hannunka, Malam."

Ta riƙa matsa notin da ke ɗaure haƙoran kaɗan-kaɗan, tana juya giyar tana saurare. Da ta gamsu, ta ɗiga masa jan farcenta.

"Wannan notin, ko me ya faru, kar ka taɓa."

Sannan ta zaro dutsen awo na tagulla daga akwatin Baba. "Ɗan sako-sakon da ya rage, wannan zai kashe shi. Rataya shi ta gabas, haƙoran su zauna a manne. Aro ne fa."

Washegari saƙo ya shigo: "Injiniyata! Sun fito ɗigo-ɗigo, ko ɗaya babu jela! Har maƙwabta na tasa da ihu."

Ta amsa: "Mai Taurari, bar mutane su yi barci. Yaushe zan gani?"

Ya kawo hoton. Ya sake kawo wani. Daga baya ya riƙa zuwa ba hoto.

Mai shagon batir na tsallaken titi, wanda ya daɗe yana kawo wa Baba gaisuwa da manufar neman Auta, shi ya ga dutsen a wani hoto da Malam ya ɗora a shafinsa. Ya kai wa Baba hoton har benci.

Baba ya buɗe akwatinsa, ya ga gurbi.

"Mutumin da ke kwana a saman bene yana leƙen sama? Wa zai riƙe gida? Ya dawo min da kayana, kuma kar in ƙara ganin ƙafarsa."

Dutsen ya dawo a hannun mai batir, ba saƙo. Auta ta ɗauka Malam ya janye. Ta daure, ta kasa, ta rubuta: "Shi ke nan?"

"Baba ya ce kar in zo, ban zo ba. Bai ce in daina sonki ba. Ina nan, Injiniyata."

Ba dutse, taurarin suka koma yin jela. Mai batir ya kawo sabon hoton yana dariya: "Baba, dubi gyaran Auta!"

Baba bai yi dariya ba. "Daga shagona wannan ya fita? Auta, ɗauko jakar aiki."

Rana na faɗuwa suka hau benen Malam. Malam ya rikice, ya rasa inda zai sa kujera. Baba bai zauna ba. Ya juya giyar da hannu har ta zagayo, ya haska tocila. Ɗigon jan farcen yana nan, ko tsagewa bai yi ba.

"Ga sifana a gefenka. Hotunanka suna lalacewa, ana yi maka dariya. Me ya hana ka ƙara ɗaurewa?"

"Ta ce kar in taɓa, Baba."

"Ko bayan na kore ka?"

"Ai ba ta janye maganarta ba."

 Baba ya sa hannu a aljihu, ya fito da dutsen, ya rataya ta gabas da kansa. Suka jira. Hoton ya fito a waya, ɗigo-ɗigo.

"Baba, ka gani!" Auta ta yi tsalle.

"Na gani. Ke kuma ki daina ɗaukar kayana ba izini." Ya juya wurin Malam. "Ka turo manyanka."

An ɗaura auren bayan damina. Mai batir ne ya kawo fitilu. Da za a kai amarya, Baba ya sa mata albarka, ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, sannan ya damƙa wa ango dutsen tagulla.

"Wannan kyauta ne. 'Yata kuwa amana ce."

Akwatin Baba har yau da gurbi, bai kuma cike shi ba.