Gidan Zanzaro a Ƙarƙashin Gada

Ranar Litinin da hantsi Injiniya mai kula da gada ya kawo ƙara ofishin 'yan sanda: an kwance notuka arba'in a ƙarƙashin babbar gadar da ta haɗa birane biyu. Kafin rana ta take har an rufe tsohon mai gadin gadar, don shi ne mai sauƙin kamu. Washegari za a kai shi kotu.

Abin ya sosa ran Sufeto, wadda aka ba binciken. Tsohon da ko murfin kwalba sai da nishi yake buɗewa? Ta ƙudurta ba zai kwana a kulle ba.

Ta fara da ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa.

"Ranki ya daɗe, notin gada? Ko kyauta aka ba ni ba na so, lamba ce a jikinsa."

Ta birkice shagon kakaf, ba komai.

Masuncin da ke ɗaure kwalekwale a gindin gadar ya ce, "Ni fa ƙasa nake kallo, abincina a ruwa yake. Amma sifanar wannan noti, sai ƙarti biyu."

Ta hau tsanin ƙarfe, manyan motoci na girgiza gadar a kanta. Ta daɗe tana duban kusoshin da aka bari tsirara. Ta sauko da wani abu a hankici, ta wuce ofishin Injiniya.

"Yaushe ka yi dubawar ƙarshe?"

"Alhamis. Da idona na ga kowane noti a mazauninsa. Ga sa hannuna."

"Kwana huɗu ke nan."

Ta warware hankicin. Gidan zanzaro ne, busasshe ƙayau.

"A jikin kusa na ɓamɓaro shi, daidai inda noti ke zama. Dubi hujin nan, 'ya'yan sun riga sun tashi. Zanzaro ba ya gini ya yi ƙwai ya yaye 'ya'ya a kwana huɗu. Notukan nan sun fi wata da barin gadar. Wa ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye sifanar?"

Gumi ya keto masa. Ashe shi ya kwashe su zuwa wata kwangilarsa, da ya ji masu bincike na tafe sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

Ta sa aka tsayar da manyan motoci, sannan da hannunta ta buɗe wa tsohon ƙofa.

"Baba, ka yafe mana. Tashi ka tafi gida."

Ya laluba takalmansa, idonsa ya kawo ruwa.

"Gida? 'Yata, tun safe gadar nan ba kowa."