Fiyano a Cikin Lefe

"Wannan ya yi tsawo, Yaya Kashim... ina zan ɓoye abu kamar ƙyauren ɗaki?"

Ramlat tana maganar idonta yana kan titi. Ta ja gyale har bisa hanci. Shagon Jalo mai kayan wuta a bayan tashar mota yake, kuma rabin direbobin Potiskum sun san mahaifinta, Alhaji Umar Faruk mai hatsi na unguwar Hausari.

"Kwantar da hankalinki, amaryata," in ji Kashim. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya da faɗin kafaɗunsa. "Duk wanda ya leƙo, ni zai gani."

"Ai ganin naka ma wata fitinar ce!"

An riga an sa musu rana, bayan Babbar Sallah ta 1997. Kashim Babarbare ne, yana da motocin da ke kai shanu Kudu. A wajen zance ya lura yatsunta ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna gudu a kan tabarma kamar masu neman wani abu da ya ɓata. Da ya matsa mata ta faɗa masa. A makarantar kwana a Jos ta koyi fiyano, abin kiɗan nan na Turawa mai jerin haƙora, wajen wata malama 'yar Ghana. Tun da ta dawo gida ba ta ƙara taɓawa ba, kuma ko mahaifiyarta ba ta sani ba.

Bai yi dariya ba. Cewa ya yi ta zo ta zaɓa.

Guda uku Jalo ya jera a kan tebur.

"Wannan dogon shi ne sarkinsu," in ji shi. "Haƙoransa tamanin da takwas, masu nauyi. Sai dai ba ya aiki sai da wuta, kuma sai mutum biyu sun ɗauka."

"A'a."

"To ga ɗan ƙaramin. Ko a jakar hannu ya shiga."

Ta ɗora yatsu a kai. Haƙoran sun yi mata ƙanana, yatsa ɗaya yana danne biyu.

"Wannan na yara ne. Hannu biyu ba za su sake a kansa ba."

Saura na tsakiya, baƙi, tsawonsa kamar taɓarya. Ta danna haƙori ɗaya a hankali, ya amsa a hankali. Ta danna da ƙarfi, ya ɗaga murya. Ta yi sauri ta waiga titi.

"Yana jin nauyin hannu..." ta ce ƙasa-ƙasa.

"Hajiya ta san kaya," in ji Jalo. "Sittin da ɗaya ne haƙoransa, cikakku, irin na babban. Mai koyo ba zai ruɗe ba, wanda ya ɗan yi nisa ma ba zai raina shi ba. In an ɗauke wuta yana cin batirin tocila. Ga kuma ramin abin saurare na kunne. Kina sawa, ko wanda ke kusa da ke ba zai ji komai ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Wannan jan maɓallin kuma, kina taɓawa shi da kansa zai..."

"Kar ka taɓa!"

Jalo ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Kashim ya juyo yana murmushi.

"Shi kike so?"

"Shi. Amma ba zai shiga gidanmu ba. Abba zai yanka ni."

"Zai jira ki a ƙarƙashin gadona. Ranar da kika tare, ki tarar da shi."

A kwalin fanka aka naɗe shi. Ita ta fara fita, ta bi ta lungu ita kaɗai.

Abin da Kashim ya manta shi ne mai share masa ɗaki. Zara ce, 'yar gwaggonsa, wadda ta tashi a gidansu tana jin manya suna tsokanarta da matar Kashim, har ta ɗauki wasan gaskiya.

Ranar kawo lefe, Ramlat tana ɗakin mahaifiyarta tana leƙe ta gefen labule, kamar yadda kowace amarya ke yi tana nuna ba ta damu ba. Tsakar gida ya cika da mata. Dangin ango sun jera akwatuna, turaren wuta ya gauraye gidan. Gwaggo Delu, yayar Alhaji, ita ke ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, mata suna guɗa.

Sai ga Zara ta shigo daga baya, rungume da wani dogon abu a naɗe cikin sabuwar atamfa.

"An manta da wannan a mota," ta ce, murya kamar zuma. "Ya Kashim ya fi ji da shi a kan duk kayan nan."

Ramlat ta gane tsawon.

"Keken ɗinki ne?" in ji Gwaggo Delu.

"Buɗe ki gani, Gwaggo."

Aka warware atamfa. Mata suka yi shiru suna kallon jerin haƙora farare da baƙaƙe. Zara ta sunkuya kamar mai gyara zani, ta danna jan maɓallin, ta ja da baya.

Abin ya fashe da kiɗa. Ganga, algaita, har da wani abu kamar goge, duk a lokaci guda, kuma babu hannun kowa a kai.

"Innalillahi! Mutanen ɓoye!"

Gwaggo Delu ta yi tsalle ta bar takalmi. Wata ta faɗa kan tiren cincin. Masu goyo suka yi soro da gudu, wata tsohuwa ta tsaya tana tofa ayatul kursiyyu tana ja da baya. Abin bai fasa ba.

Ramlat ta san inda ake kashe shi. Taku kaɗan ne daga labulen. Ta kasa ɗaga ƙafa.

Alhaji ne ya shigo daga turakarsa, carbi a hannu. Ya dubi abin, ya dube shi da kyau. Shi ɗan kasuwa ne, ya je Legas, bai ga aljani ba. Ya kifa shi, ya zare batiran, gidan ya yi tsit.

"Na waye?"

"A ɗakin Ya Kashim yake kwana, Baba," in ji Zara, kanta a ƙasa.

"A rufe akwatunan nan. Kar a taɓa ko ɗankwali. A kira min yaron da waliyyinsa."

Bayan la'asar suka zo, Kashim da ƙanin mahaifinsa, Baba Bunu, wani dogon tsoho mai tsagen Barebari wanda bai cika magana ba. Aka ajiye fiyanon a tsakiyar darduma kamar ɓarawon da aka kamo. Ramlat ta laɓe a bayan ƙofar da ta haɗa falon da cikin gida, ta toshe baki da gyale.

"Malam Bunu," in ji Alhaji, "da kuka zo neman aure, na tambayi sana'ar yaro, kuka ce mota. Na tambayi asali, kuka ce malamai da fatake. Ba wanda ya ce min makaɗi."

"Ni ma yau na ji," in ji Baba Bunu.

"Mu fatake ne tun daga Kano. Makaɗi muna ba shi kyauta ranar suna, ba ma ba shi 'ya. Wallahi ba zan haɗa jini da gidan da aka haifi makaɗi ba! Kashim, naka ne?"

Ramlat ta rufe ido. Kalma ɗaya ce tsakaninta da tonon asiri.

"Nawa ne, Baba."

"Kai ke kaɗawa?"

"Ni ne."

Hawaye suka zubo mata. Ko a ransa Alhaji bai kawo cewa mace za ta iya ba, balle 'yarsa. In ta yi shiru ta tsira da mutuncinta, akwatuna su koma. In ta yi magana, wa zai ɗauki makaɗiya ya kai gidansa?

Alhaji ya zuba batiran a gaban Kashim.

"Mayar. Kaɗa mu ji."

"Baba, a gabanka..."

"Ka kaɗa a gidana ba ka nan, yanzu ne za ka ji kunya?"

Kashim ya daɗe yana juya batiran kafin su zauna. Ya miƙe yatsa ɗaya ya danna haƙori kamar mai danna hon. Ya danna na kusa da shi. Ya kifa tafin hannu gaba ɗaya, abin ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar mage. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Ya isa," in ji Alhaji. "Tun ina yaro nake ganin makaɗa a kasuwa. Wannan ba hannun makaɗi ba ne. Ƙarya ka yi min."

"Baba..."

"Makaɗi ma yana da sana'a. Maƙaryaci fa? Ka zauna a kan dardumata ka dubi idona ka shirga min ƙarya! Wa kake rufa wa asiri? Wata ce ka ajiye a bariki?"

Kashim ya sunkuyar da kai.

"Malam Bunu, ku kwashe kayanku."

Ramlat ba ta san lokacin da ta tura ƙofar ba. Ta tsinci kanta a durƙushe a gefen darduma.

"Abba..."

"Wa ya kira ki? Koma ciki!"

"Ramlat, don Allah koma," in ji Kashim. "Na roƙe ki."

Ba ta koma ba. Sai ta jawo fiyanon gabanta.

Farkon taɓawa ta yi kuskure. Ta sake. Hannun hagu ya kama tafiyarsa a ƙasa, na dama ya hau sama a hankali. Wani ɗan kiɗa ne mai sanyi da ta koya a aji huɗu. Ba ta ɗaga kai ba. Tana jin numfashin mahaifinta, tana jiran saukar mari. Ba ta kai ƙarshe ba ta tsaya, ta ɗora hannuwan a cinya.

"Nawa ne, Abba. Ni na zaɓa. A makaranta na koya. Shi ko kunna shi bai iya ba."

Carbin Alhaji ya tsaya cak a tsakanin yatsunsa.

Baba Bunu ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Hausarsa irin ta tsofaffin Barebari ce, mace da namiji duk ɗaya.

"To, Alhaji. Rantsuwarka yana nan, bai karye ba. Gidanmu ba a haifi makaɗi ba. Kai da kanka ka ga hannun yaro."

Tsohon ya gyara hula, ya ci gaba.

"Yanzu mu ne za mu yi shawara. Ko za mu haɗa jini da gidan makaɗa."

Ramlat ta ji kamar ƙasa ta buɗe. Ta saci kallon mahaifinta. Mutumin da kasuwar hatsi ke tashi tsaye in ya shigo, ga shi ya kasa haɗa ido da baƙonsa. Gobe duk Hausari za ta ji. In aka mayar da lefen yanzu, ba za a ce ya ƙi makaɗi ba. Cewa za a yi an ƙi 'yarsa.

"Malam Bunu," in ji shi daga ƙarshe, murya a dushe, "abin da kuka yanke."

"Baba!" in ji Kashim. "Wallahi in ba ita ba..."

"Rufe baki, maƙaryaci. Manya suna magana." Tsohon ya juya ya dubi Ramlat, ya daɗe yana dubanta. "Yarinya, ana maka liƙi?"

"A'a, Baba."

"Kana wasa wani don ya ba ka kuɗi?"

"A'a."

"To. Yarinyar da ya fito gaban ubansa don kar a kira ɗanmu maƙaryaci, mun karɓa. Da shi da kayan aikinsa."

Ramlat ta fashe da kuka.

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe riga. Bai dube ta ba.

"Wannan abin ba zai kwana a gidana ba."

"Sauran akwatunan fa?" in ji Baba Bunu.

"Na ce wannan abin."

Ya shige turaka ya ja ƙofa. Har aka ɗaura auren bayan Sallah, gaisuwa kawai ke haɗa shi da 'yarsa. Zara kuwa, a makon nan aka mayar da ita wajen iyayenta a Nangere.

Amma a ranar, Kashim ya naɗe fiyanon cikin atamfar ya saɓa a kafaɗa. Baba Bunu ya yi gaba da gangan, ya bar su a soro.

"Me ya fito da ke, rabin raina? Da na san yadda zan yi."

"Yaya za ka yi? Kana danna shi kamar hon ɗin tirela!"

"Na ji tsoro, wallahi."

"Ni har yanzu ina ji." Ta share ido da gefen gyale. "Abba ba zai manta ba."

"Na sani."

"Kuma ba ka iya ƙarya ba, Yaya Kashim. Ko kaɗan."

"To ki koya min in kin tare."

"Ƙaryar ko kiɗan?"

Daga waje Baba Bunu ya buga sanda a ƙasa.

"Kai makaɗi! Fito mu tafi, kafin surukinka ya sake shawara."