Fim Ɗin Kaminar Baba Mahadi

Ranar da Tasnim ta fara ganin Walid, yana tsaye cikin laka a bakin Nilu, riƙe da doguwar sanda mai makirfo a kanta.

"Ya zol, kai malam, ka shigo mini hoto," ta ce, ba ta ko sauke wayarta ba. "Matsa."

"Ke ce Tasnim ta guruf, mai neman mai ɗaukar sauti? Tun daga Umbadda na taso, ko sannu babu?"

"Sannu. Matsa."

Ya matsa yana dariya. Ita ma ta juya kai don kada ya ga tata.

Guruf ɗin na WhatsApp ne, na matasa masu shirya gajerun finafinai, kuma su suke haɗa bikin nuna su duk shekara a Umdurman. Wani ya iya kiɗa, wata ta iya fassara, kowa ya zuba abin da ya ɗauka a rumbunsu na intanet don a taimaki juna. Dokarsu ɗaya ce: ba a haska fim sai mutanen da ke cikinsa sun gani sun yarda.

Tasnim kuwa fim take yi a kan mahaifinta, Baba Mahadi, mai kamina, wato wurin gasa jan bulo, a unguwar Aljirif. Da wannan laka ya kai ta jami'a, kuma ba ta taɓa sunkuyar da kai a kan haka ba.

Aiki ya haɗa su, shayi ya ƙara haɗa su. Ba a jima ba saƙonnin Walid suka daina zancen sauti, har maganar aure ta kai kunnen Baba Mahadi.

"Gimbiyar laka, yau na saurari abin da na ɗauka. Duk muryarki ce ta cika mini kunne."

"To goge ta," ta rubuta.

"Daga na'ura zan iya. Daga cikin zuciya kuma fa?"

Wata safiya maƙwabci ya miƙo wa Baba Mahadi waya. Tallan wani fim ne da za a haska a bikin bana, mai suna Bayin Laka, na Hisham, ɗan gayun guruf da bai taɓa taka Aljirif ba. Hotunan Tasnim ne tsaf, an yanke duk inda ake raha, an bar gumi da tari da kiɗan ban tausayi. Sunanta babu.

"Ni ne bawa?" in ji Baba Mahadi. "Yaron nan mai sanda ne baƙo a cikinmu, aikinsa ne, kada ya ƙara tako mini kamina. Maganar aurensa kuma na rufe ta."

Tasnim ta kira Walid. "Wa ya zuba hotunana a rumbu?"

"Ni ne, habibti, masoyiyata. Na so a taya ki gyaran launi ne, wallahi ban..."

"Ba ka tambaye ni ba. Ka ɗauki fuskar ubana ka ajiye a kan hanya."

Ta kashe wayar.

Ta jure. Ta jure 'yan unguwa masu ce mata 'yar bayi cikin wasa, ta jure shirun mahaifinta a kan tire ɗin abinci. Da ta yi wa Hisham magana a ɓoye, amsarsa ita ce: "Abin rumbu na kowa ne. Ki gode na fito da ku duniya."

Ba ta ce uffan a guruf ba. Tana so Hisham ya hau dandamalin biki tukuna, inda saukowa za ta fi zafi.

Saƙon Walid ya shigo bayan kwanaki: "Na yi kuskure, ba zan kare kaina ba. Amma sautin asali yana hannuna, ban zuba shi ba. Ki ba ni umarni kawai."

Ta rubuta masa: "Ka kawo. Aiki kawai."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ɗaya bayan ɗaya ta bi 'yan guruf ta nuna musu hotunan asali. Duha, mai gabatar da bikin, ta ce, "Hisham ya rantse mana ya nuna wa mutanen kamina fim ɗinsa!" Mai kiɗa daga Madani ya aiko sabon kiɗa, mai fassara daga Bur Sudan ta aiko fassarar Larabci. Suka haɗa fim ɗin Tasnim, Hisham bai sani ba.

Sai ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ka zo ka ga wanda ya kira ka bawa. Ido da ido."

Ranar biki, da la'asar, Hisham ya hau dandamali yana gyara tabarau. Ƙofa ta buɗe, ma'aikatan kamina suka shigo cikin fararen jallabiyoyi suka cika layin gaba.

Duha ta ɗaga makirfo. "Kamar yadda muka saba: mutanen cikin fim, kun gani kun yarda?"

Baba Mahadi ya miƙe. "Wane ne Hisham ɗin?"

"Ni ne, Hajj."

"Ahlan. Yau na fara ganinka. Ni ne bawan naka."

Hisham ya nemi hanyar sauka, Tasnim ta tare matakala.

"Zauna ka kalla," ta ce. "Ka gode na fito da kai duniya."

Aka haska nata. Ga laka, ga gumi, amma ga Baba Mahadi yana tsokanar abokan aikinsa, yana rera waƙar da ya taho da ita daga gonakin Jazira, dariyarsa ta cika zauren. A ƙarshe sunayen ma'aikata suka fara fitowa, sannan na 'yan guruf, sannan nata.

A waje Baba Mahadi ya kira Walid. "Da wannan sandar ka kama dariyata?"

"Da ita, Baba."

"To. Ka turo manyanka. Amma ka koyi tambaya kafin ka ɗauki abin mutane."

"Na koya, wallahi. Sai da na sha wuya na koya."

Bayan Sallah aka ɗaura auren a Aljirif, aka yi jirtik, al'adar sa wa ango da amarya albarka, tsofaffi na ɗaura musu jan zare a hannu, mata na guɗa. Walid ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Gimbiyar laka, na matsa?"

"A'a," ta ce. "Yanzu kam tsaya cikin hoton."

Baba Mahadi ya ɗaga hannu ya roƙa musu gida mai ƙarfi kamar bulon da ya gasu, jama'a suka amsa da amin.