Yatsu Biyar na Malam Sambo

"Ka sake ni, Malam. Ni na roƙe ka."

Gazali ya tsuguna a bakin tabarmar da matarsa Fiddausi take kwance. Kowace Asabar yake tasowa daga Tambuwal, inda yake koyarwa, ya zo Kebbe duba ta. Wata goma sha huɗu ke nan tana jinya a gidan mahaifinta, tun da ta faɗo daga babur hannunta na dama ya karye. Ƙashi ya ɗoru tuni, ciwo ya ƙi tafiya. Ko gefen mayafi ya taɓa wurin sai ta ji kamar garwashi. A jikinta tana jin hannun ya kumbura ya kai turmi, amma duk wanda ya duba sai ya ce lafiyarsa lau.

"Fiddo, hasken idona... da mi zan rubuta takardar sakin? Ko biro ban zo da shi ba."

"Malamin makaranta babu biro?"

"Tun da kika fara zancen ga na bar yawo da shi."

Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta.

Sai ga mahaifinta, Malam Sambo, da kwanon fura. Shi yake ba ta a baki kullum, duk ya rame kamar shi ne majinyacin.

"Gobe wanzami na zuwa, a yi mata sakiya," ya ce.

Fiddausi ta dubi hannunta. Ƙarfe mai zafi a hannun da ba ya jure mayafi! Amma ba ta iya yi wa Baba musu.

Gazali ya buɗe jaka, ya fito da wata na'ura mai kama da ƙaton tabarau.

"Baba, likitar gashin ƙashi ta ba ni aro na yini guda. Mutum na ganin hannunsa a ciki, lafiyayye, har jiki ya fara yarda. In maganin ya karɓe ta, sau uku a mako za ta riƙa zuwa asibiti. Sai dai ta koma Tambuwal."

"Ɗiyata ba ta barin gidan ga sai ta warke."

Fiddausi ta juya fuska ga bango. Ta san duk tsagar da ke jikinsa.

"Miƙo nan," in ji Baba. Al'adarsa ce, babu maganin da ke shiga jikinta sai ya fara ɗanɗanawa, na asibiti ko na gargajiya.

Gazali ya ɗaura masa. Baba ya ɗaga hannun hagu, wanda igiyar bijimin sa ta tsinke wa yatsu biyu tun Fiddausi tana goye. Ya juya shi gaba da baya.

"Biyar..." ya ce a hankali. "Ga su nan, duk biyar."

Ya kai ɗaya hannun yana sosa iska, daidai inda ɗan ƙaramin yatsan ya kamata ya kasance. Da ya cire tabarau idanunsa sun yi ja.

"Shekara ashirin ƙaramin nan na yi mini ƙaiƙayi. In kai hannu, babu komi. Ko uwarki ban gaya wa ba, kada a ce na zautu." Ya juyo ga Fiddausi. "Kin ce naki ya kai turmi, na ce ki bar faɗi cikin mutane. Ki yafe mini, ɗiyata."

"Baba..."

"Sa mata."

Duhu ya rufe ta, sannan haske. Ga hannu siriri a gabanta, irin wanda aka sa wa lalle ranar aurenta. Ta motsa yatsa, shi ma ya motsa. Ciwon yana nan, sai dai ya ɗan ja da baya.

"Malam," ta ce, "taɓa ni. Sannu-sannu."

Gazali ya ɗora kan yatsansa a bayan hannunta. Ta cije leɓe, amma ba ta janye ba.

Baba ya miƙe yana neman takalminsa.

"Bari in sallami wanzami. Amma ba bisa babur ba, Gazali. Mota za mu shiga zuwa Tambuwal, har da ni."

Fiddausi ba ta cire tabarau ba, don kada su ga tana kuka.

"Malam..."

"Na'am, masoyiyata."

"Kada ka sayi biron nan."