Jar Tutar Ɗana

"Kashe mota! Kashe, don ubanka!"

Direban bas ya kashe. Dama da kansa ya tsaya, don jar tuta ya gani a hannun mutum sanye da rigar ma'aikatan hanya. Wa zai ga jar tuta a bakin ratse ya wuce? Sai da mai tutar ya soke ta a ƙugu ya zaro bindiga, sannan direba ya gane ya shigo hannu.

"Kowa ƙasa! Fuska a laka!"

Wasu suka ɓullo daga bayan tulin ƙasa, fuska a rufe. Tau! Harbi ɗaya a sama. Mata suka sa salati. Wani dattijo ya tsaya laluben takalminsa, aka ba shi gindin bindiga a ƙeya.

"Waya, jaka, zobe! Hajiya, cire, ko in cire da yatsan!"

Direban ƙaramar motar da ke baya ya so ya juya. Ina! Ƙasar ratsen ta sha ruwa ta koma taɓo, taya sai juyawa take a wuri ɗaya. Suka tako har inda yake, suka harbe shi ta gilashi. La'asar ce fa, rana na kallon kowa.

A lokacin nan ɗana yana cikin kwalbati a ƙarƙashin ƙafafunsu, hannu da ƙafa a ɗaure, baki cushe da tsumma, daga shi sai singileti. Tutar nan tasa ce. Rigar ma tasa ce.

Ni ce uwarsa. Abinci nake sayarwa a rumfa, bakin sansanin kamfanin da ke gyaran hanyar. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin waɗanda aka kwantar na ji shi, sauran kuma daga bakin wanda aka ƙulla abin da shi.

Sun ce hanyar ta gwamnatin tarayya ce. To, jinin gidanmu dai ta fi sha. Da can turbar jakuna ce, ta bi ta fadama ta kewaye dutse. Zamanin Turawa aka kama ubana aikin dole, ya ɗauki kwandon tsakuwa har gashin tsakar kansa bai sake fitowa ba. Ta zama burji. Ina goyon fari aka miƙe ta aka zuba kwalta, aka bar tsohon burjin fadama ciyawa ta cinye shi. Kwaltar ta mutu, ba wanda ya leƙo ta. Rami ɗaya daga cikin ramukanta ne ya kifar da motar da mijina ke ciki. Yanzu kuma wai za a mai da ita tagwaye. Aka farfasa ta, aka fitar da ratse ta gefe, mota ɗaya kawai ke iya bi, sai aka sa mutum a kowane baki da tuta ja da koriya.

Autana ya samu aikin. Ranar da aka ba shi rigar nan mai ƙyalli, ya zo gabana yana juyi.

"Inna, daga yau ko minista ne, sai na ce wuce zai wuce."

"Wuce ka ɗebo mini ruwa," na ce masa.

Da 'yan sanda suka iso, ƙurar 'yan fashi ma ta kwanta. Suka jawo ɗana daga kwalbati. Duk wanda aka tambaya a cikin fasinjoji magana ɗaya yake yi: mai tuta ne ya tsare mu.

"Wane ne mai tuta a nan?"

"Ni ne, Yallaɓai, amma..."

Aka cilla shi bayan mota.

Na bi su caji ofis, zanina a hannu. Sufeton wani mai ƙaton ciki ne, yana sakace bayan tebur.

"Yallaɓai, a ɗaure kuka same shi!"

"Iya, ai haka suke yi. Su ɗaure nasu don a ce ba shi ciki."

"To kai ma zo in ɗaure ka haka, in cusa maka tsumman goge inji a baki, mu ga in wasa ne!"

"Fitar da tsohuwar nan."

Suka fitar da ni. Ina daga waje ina jin muryarsa ta taga. Sun rataye shi da hannu ɗaya, wai sai ya faɗi inda abokan aikinsa suke. Sunan Allah yake kira, yana haɗawa da nawa. Kamfanin da ya yi wa tsayuwar rana kuwa, washegari suka ɗinka wata tutar suka miƙa wa wani.

Akwai Mai Tanka. Shi ke tuƙa tankar da ke yayyafa wa ratse ruwa, don kada ƙura ta rufe wa direbobi ido. Kwano ɗaya suke ci da ɗana a rumfata. Bayan kamun ya zo ya zauna, na zuba masa kamar kullum. Ina zubawa ina magana, don bakina ba ya rufuwa in raina ya ɓaci.

"Duk wanda ya nuna musu yaron nan, Allah ya hana shi barci. Allah ya sa abin da ya ci ya tsaya masa a wuya. Ci mana, ɗan nan, ya za ka zuba wa abinci ido?"

"Na ƙoshi, Inna."

Ko loma bai kai baki ba. Na ɗauka tausayi ne. Ashe shi ne. Shi ya gaya wa 'yan fashin lokacin da manyan kamfani ke tashi daga aiki, shi ya juye ruwa a ratsen fiye da kima don kada wata mota ta iya juyawa.

Daga baya, a bakin rafin da yake cika tanka 'yan fashin suka sake samunsa, rana tsaka, injin jan ruwa na ta ƙara. Shugabansu Gatari ake ce masa. Da shi akwai Kwalba, wani siriri da ba a raba shi da maganin tari.

"Gobe akwai aiki," in ji Gatari. "Ka jiƙa mana wurin kamar rannan."

"Oga, kun ce ba kisa. Kun ce ba abin da zai sami yaron nan."

"Mu muka taɓa shi? Hukuma ce ta taɓa shi. Je ka yi ƙararta."

"Uwarsa tsine mini take yi, ni ina cin abincinta."

"To ka canza mai abinci! Ka gane ko? Muna gamawa mu ware ta tsohon burji, kai kuma ka biyo mu can ka karɓi rabonka."

Gatari ya zagaya bayan tanka yana waya. Kwalba ya matso, ido ja, murya na ja da ƙasa, ya dafa kafaɗar Mai Tanka.

"Baaba, wallahi kana burge ni. Ka yafe ni tun yau, ka ji? Oga ya ce bakinka ya fara rawa. Ni kuma abin da aka sa ni nake yi."

Ya kurɓi kwalbarsa, ya manta ma ya yi magana.

Washegari tun safe Mai Tanka ya kama jigila. Ratse ya sami yayyafi kaɗan. Sauran ruwan duk tsohon burji ya kai, can tsakiyar fadama inda ciyawa ta rufe hanya. Baƙar laka ce a wurin. In ta bushe ko babbar mota ta bi, in ta sha ruwa ko jaki sai an ciro shi da igiya. Tanka bayan tanka ya juye, ciyawa ta ɓoye komai. Da azahar ya faɗo rumfata, ya durƙusa.

"Inna, ni ne. Ki je ki ce wa Sufeto yau da la'asar, tsohon burji."

Ludayin da ke hannuna na sauke masa a goshi. Bai kauce ba. Na ƙara masa. Sannan na bar tukunya a kan wuta na kama hanya.

"Iya, ke kuma?" in ji Sufeto. "Babu mai a mota."

"Ranar kama ɗana da fitsari kuka tuƙa ta?"

Kuratan suka ƙunshe dariya. Na fita na haye bayan motarsu na zauna daram. Na ce ko su tafi da ni, ko su harbe ni a nan, in ya so in aka yi fashin kowa ya ji an gaya musu suka ƙi. Man ya samu.

Muna bayan dutse muka ji harbi daga wajen ratse. Can sai ga motar 'yan fashin a guje, ta saki sabuwar hanya ta faɗo burji. Ta shiga ciyawa... caɓal! Gaba ya nutse har fitila.

"Ba ta wuta! Ba ta wuta!"

Taya na feshin laka, mota na ƙara zama. Ta baya kuma ga tanka ta taho, ta gicciye ta toshe hanya. Gatari ya waiga ya gane.

"Shege! Kai ne?"

Tau! Tau! Gilashin tanka ya tarwatse.

"Ku ajiye makamai!" Sufeto ya daka tsawa daga inda ya laɓe. Wuta ta tashi ta ko'ina. Wani kurtu ya danne kaina ƙasa, na ture hannunsa, don na rantse sai na gani. Kwalba ya fito da gudu, laka ta cire masa takalmi, ta riƙe shi har gwiwa. Ya ɗaga hannu yana kuka yana kiran uwarsa. Ashe shi ma yana da ita. Gatari ya haye kan mota yana harbi yana zagi, sanye da rigar ɗana. Harsashi ya same shi a wuya, ya kifo da ka cikin lakar.

Tutar ta faɗo daga ƙugunsa. 'Yan sanda suka ɗauki rigar, ni na ɗauki tutar na cusa cikin zanina.

Mai Tanka, da harsashi a jikinsa, ya kai asibiti da ransa. A gaban Sufeto, a gabana, ya faɗi komai, ya ce ɗana ko da wasa bai san zancen ba. Ya nemi in yafe masa. Na ce ya bari ɗana ya fito tukuna. Bai jira ba, ya mutu ya bar mace da tsohon ciki. Direban da aka harbe ta gilashi, 'ya'yansa na ga sun zo ɗaukar motar, babban cikinsu bai isa tuƙi ba.

Na ce to, a buɗe mini ɗana.

"Iya, maganarsa ta wuce hannunmu, tana kotu."

Kotu aka ce alƙali ya tafi hutu. Ya dawo aka ce an sauya shi. Kamfani suka ce ba su san wani mai tuta ba. Damina ta zo ta wuce, aka gama hanya, baƙa wuluk, an ja mata farin layi, ɗana yana gidan yari yana jiran shari'ar laifin da masu shi suka riga suka ruɓe a ƙasa.

Ranar buɗe hanya na wanke tutar, na ɗaura ta a sandar tsintsiya. Da na ji jiniya na sauka tsakiyar kwalta na ɗaga ta sama. Ƙiiii! Motar gaba ta ja birki, na baya suka jeru. Masu bindiga suka diro.

"Ke tsohuwa! Kin haukace?"

"Ja ce, ba ku gani? Mai ɗaga koriyar yana gidan yari. Sai ya fito za ku wuce!"

Suka kama ni za su ja, na kwanta a kan kwaltar da ke ƙuna, na ƙanƙame sandar. Masu ɗaukar hoto suka yo kaina. Nan aka sauke gilashin wata baƙar mota, wani mai babbar riga ya tambayi abin da ke faruwa. Na gaya masa tun daga kwandon ubana, da ƙarfi, yadda na'urorin nan za su ji.

Abin da alƙalai suka kasa a damina guda, kafin sati ya zagayo an yi shi. Ɗana ya fito ƙofar gidan yari kamar an zare shi daga kabari. Na miƙa masa tutarsa. Ya kawo hannun dama, hannun da aka rataye shi da shi, yatsun suka ƙi rufuwa. Tutar ta faɗi ƙasa tsakaninmu.

"Bar ta, Inna," ya ce.

Ban bar ta ba. Har yau ba wanda ya zo ya ce mana sannu, ba wanda ya ce ga mai biyan hannun nan. Tana nan jingine bayan ƙofata. Hanyarsu dai ta gaban rumfata ta wuce, kuma ina jin jiniya tun daga nesa.