Masarar da Take Numfashi

Ranar da ya fara zuwa shagon hatsinsu, masara cikin tafin hannu ɗaya ya nema. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Tafi ɗaya? Kaza kake kiwo?"

"Ɗalibai gare ni," ya ce yana murmushi. "Zan nuna musu cewa ƙwayar nan tana numfashi."

Malamin kimiyya ne. Daga ranar ta laƙaba masa Malam Tafi, shi kuma yake ce mata 'Yar Mudu. Kafin wata uku ta kamu da sonsa, kamun da ba ta iya ɓoyewa.

Babanta kuwa ya ce atafau ba zai ba shi ita ba. "Wanda yake cewa masara na numfashi zan ba 'yata? Shekara talatin ina harkar hatsi, ban taɓa jin buhu ya yi minshari ba."

Dillalin Baba, wanda shi ma yake sonta, kullum sai ya ƙara wa maganar gishiri.

Wata safiya ta tura wa malamin saƙo: "Malam Tafina, yau ba zan fito ba. Baba zai sauka rumbun ƙasa. Masarar da ruwa ya taɓa tana ciki sati uku a rufe, murfin har ɗumi yake."

Amsa ta zo nan take: "Kar ki bari ya sauka, ko zai yi fushi. Ga ni nan tafe, masoyiyata."

Ta ruga wajen rumbun. Ta tarar Baba ya ɗora ƙafa a kan tsani, ta riƙe hannunsa gam.

"Ke, sake ni."

"Baba, ka yafe mini, ba zan saki ba."

Ba ta taɓa musa masa ba sai yau. A haka malamin ya iso yana haki, da kyandir ɗaure a igiya. Ya durƙusa.

"Baba, ƙwayar da ta jiƙa ta farka. Tana ƙona sukarin cikinta da iskar da muke shaƙa don ta samu ƙarfi, kamar yadda jikinmu yake yi. Ta cinye iskar ramin nan; inda wuta ta mutu, mutum ma ba zai rayu ba."

Dillali, da yake tsaye a gefe, ya bushe da dariya. "Ka ji ko, Baba?"

Malamin ya kunna kyandir ya zura cikin ramin a hankali. Ta daina ƙifta ido. Idan wutar ta ci gaba da ci, ta rasa shi ke nan.

A mataki na uku wutar ta ƙanƙance, ta mutu. Baba ya karɓa ya kunna da kansa, ya zura. Ta sake mutuwa a daidai wurin.

Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya janye ƙafarsa daga tsani.

"Malam," ya ce, "ka ce wa manyanka su zo."

Ranar aurensu Baba ya haɗa hannayensu ya sa musu albarka, idonsa cike da hawaye. Guntun kyandir ɗin yana aljihunsa, har yau ba ya buɗe rumbu sai da shi.